Hannuwa Biyu Da Ke Kan Mara Lafiya: Darasin Kwana 23 A Ɗakin Jinya

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Maris, aka yi wa mahaifina tiyatar ƙaba a wani babban asibitin gwamnati da ba zan ambaci sunansa ba. Likitan da ya yi aikin ya shaida mana cewa aiki ne mai sauƙi, in Allah Ya yarda kwana huɗu ko biyar za a sallame shi. Aikin kuwa ya yi kyau. Amma a rana ta huɗu sai zazzaɓi ya rufe shi, wurin ɗinkin ya yi ja ya kumbura, washegari ya fara fitar da mugunya. Aka warware wani sashe na ɗinkin, aka ɗebi mugunyar zuwa ɗakin gwaji, sakamako ya nuna ƙwayar cuta ce wadda ba ta jin maganin da aka fara ba shi. Ba a gama da wannan ba, sai robar fitsarin da aka sanya masa ta jawo masa wani ciwon a mafitsara. Mun shiga asibitin da shirin kwana biyar, muka fito bayan kwana 23. Kuɗin da muka kashe ya ninka abin da aka yanka mana tun farko fiye da sau uku, tsohon kuma sai da ya yi wata biyu a gida kafin ya iya takawa zuwa masallaci da ƙafarsa.

Ciwon da ya kai shi asibiti daban, wanda ya tsare shi a can daban. Na biyun a kan gadon asibitin ya same shi. Masana kiwon lafiya suna da suna na musamman ga irin wannan, wato cutar da mutum bai zo da ita ba, ya ɗauke ta a wurin neman magani, wadda galibi takan bayyana bayan awa 48 da kwantar da shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa a cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, bakwai ne kan ɗauki irin wannan cuta a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe irin namu, sannan a cikin goman da suka kamu ɗaya kan rasa ransa. Rahoton ya ƙara da cewa kyakkyawan tsarin tsafta da kariya na iya hana har kashi 70 cikin 100 na waɗannan cututtuka.

Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne, ni malamin ilimin ƙananan halittu ne. Shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da ɗalibai, ciki har da masu karatun aikin jinya, yadda ƙwayoyin cuta ke rayuwa da yadda suke yaɗuwa. Akwai wani gwaji da nake sa su yi a zangon farko: kowa ya dangwala yatsunsa a kan ɗan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, ya je ya wanke hannu da sabulu, ya dawo ya dangwala a kan wani farantin. Mukan ajiye su kwana ɗaya a akwatin ɗumi. Idan suka dawo suka ga abin da ya tsiro a farantin farko, ɗakin kan yi tsit. Da wannan ilimi na shiga ɗakin jinya, ina ganin babu wanda zai gaya mini wani abu sabo.

A dare na shida na ga ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare, wata dattijuwa da ba za ta gaza shekara hamsin ba, ta duba mutum uku a jere ba tare da ta sauya safar hannu ba. Raina ya ɓaci. Na bi ta har teburinta na ce, “Sista, don Allah a yi mini haƙuri, amma yaya za a taɓa mutum uku da safa ɗaya? Ai da wannan ake ɗaukar cutar wani a kai wa wani.”

Ba ta yi fushi ba. Ta miƙe ta ce, “Malam, zo mu je ka gani.” Ta kai ni ƙarshen ɗakin inda famfo ɗaya tilo yake, ta murɗa, ko ɗigo bai zubo ba. Ta ce, “Rabonsa da ruwa tun Talata. Wancan bokitin da kuɗina na sa aka ciko shi. Gado talatin ne a ɗakin nan, ni kaɗai ce nas har safe, sai yaron nan mai shara. Safa kuwa kwali ɗaya aka ba mu, ya ƙare tun da yamma. Abin da ka faɗa gaskiya ne, na san shi tun kafin ka shiga sakandare.” Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Kai ma Malam, ɗazu na ga ka zubar da fitsarin Baba, ka dawo ka gaisa da baƙinku hannu da hannu, sannan ka gyara masa filastar da ke riƙe da allurar ƙarin ruwa. A ina ka wanke hannunka?”

Ban sami abin cewa ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun daga wannan dare na gane cewa a asibitocinmu hannuwa biyu ne ke kan mara lafiya, na ma'aikaciyar jinya da na ɗan'uwan da ke zaman jinya, kuma dukkansu biyun an bar su ba tare da abin da za su tsaftace kansu ba. Wannan shi ne abin da nake so mu duba a wannan mako.

Sanin cewa hannu na kashe mara lafiya ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1847, wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis da ke aiki a babban asibitin birnin Biyana ya lura cewa mata masu haihuwa sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a sashen da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa, fiye da sashen ungozoma. Da ya bincika, sai ya gano cewa likitocin kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. Ya tilasta wanke hannu da ruwa mai sinadarin kulorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilun wannan shekara suka sauko zuwa kusan kashi biyu cikin 'yan watanni. Manyan likitocin zamaninsa sun ƙi amincewa da shi, domin maganarsa na nufin su ne ke ɗauke da ajalin matan a hannunsu. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, sai daga baya duniya ta gaskata shi.

Mu ma a nan muna da namu tarihin. Zazzaɓin Lassa da ke addabarmu duk rani, a jikin ma'aikatan jinya aka fara gane shi. A watan Janairun 1969, wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Aka kai ta Jos, a can ta rasu. Abokiyar aikinta Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta da ɗan ƙaramin rauni a yatsa, ita ma ta kamu ta rasu. Ta ukunsu, Penny Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ta kwanta, aka tafi da ita Amurka, ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar. A shekarar da ta biyo baya, likitar asibitin na Jos, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa yayin binciken wata gawa, ita ma ta rasu. Shekara hamsin bayan haka, a Janairun 2020, Kano ta rasa likitoci biyu sakamakon wannan cuta bayan wata tiyatar haihuwa. Haka nan lokacin da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, ciki har da Dakta Ameyo Adadevoh da nas Justina Ejelonu da suka rasa rayukansu. Ke nan idan ana maganar kariya daga yaɗuwar cuta a asibiti, ran ma'aikaciyar jinya ma yana ciki. Ba ta da wata riba a ƙazantar ɗakin da take wuni take kwana a cikinsa.

To me ya sa ba ta wanke hannun? Bari mu yi lissafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta ware lokuta biyar da ya wajaba ma'aikaci ya tsaftace hannu: kafin ya taɓa mara lafiya, kafin ya yi aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsafta kamar wankin ciwo ko sanya allura, bayan ya taɓa jini ko fitsari ko wani ruwan jiki, bayan ya taɓa mara lafiya, da kuma bayan ya taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Wanki da sabulu yadda ya kamata yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60. A ɗauka waccan sista za ta ziyarci kowane gado sau uku kacal a dare, ta tsaftace hannu sau biyu a kowace ziyara. Sau 180 ke nan. Idan kowane wanki, haɗe da tafiya zuwa famfo da dawowa, zai ci minti biyu, an tashi awa shida cur. Ba ta da wannan lokacin, ko da famfon na zuba. Amma idan akwai kwalbar sinadarin goge hannu a jikin kowane gado, wanda daƙiƙa 20 zuwa 30 ya ishe shi, lissafin zai sauko zuwa awa ɗaya da rabi, kuma tana iya gogewa tana tafiya zuwa gado na gaba.

Wannan ba hasashe ba ne. A asibitin koyarwa na Jeniba, a ƙasar Suwizalan, Farfesa Didier Pittet da abokan aikinsa sun gwada hakan daga tsakiyar shekarun 1990. Suka wadata ma'aikata da sinadarin a aljihu da bakin gado, suka riƙa bibiya suna sanar da kowane sashe matsayinsa. Sakamakon da suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa kiyaye tsaftar hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin 100, cututtukan da ake ɗauka a asibitin kuma suka ragu daga kashi 16.9 zuwa 9.9. Wani abin lura a binciken shi ne, ma'aikatan jinya ne suka fi gyarawa, likitoci kuwa ba su sauya sosai ba. Sinadarin ba shi da tsadar da za ta gagari asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin haɗa shi kyauta, kuma sashen harhaɗa magunguna na kowane babban asibiti zai iya yin sa. Mun ga yadda jami'o'inmu da dama suka riƙa haɗa shi a 2020 lokacin annobar korona. Da annobar ta lafa, sai kwalaben suka bushe a jikin bango. Sai dai a sani, sinadarin ba ya maye gurbin ruwa: idan hannu ya ɓaci da jini ko bahaya, dole sai sabulu da ruwa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF na 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu a wurin duba marasa lafiya da kuma banɗaki.

Bayan ruwa da lokaci, akwai abu na uku da ma'aikaciyar jinya ke buƙata, wato iko. A Jihar Mishigan ta Amurka, an gudanar da wani shiri a ɗakunan kulawa ta musamman fiye da 100 ƙarƙashin jagorancin Dakta Peter Pronovost, aka wallafa sakamakonsa a 2006. An tsara matakai biyar masu sauƙi da dole a bi kafin a zura roba a babbar jijiyar mara lafiya, aka kuma ba ma'aikatan jinya izinin dakatar da kowane likita da ya tsallake ɗaya daga cikinsu, tare da goyon bayan shugabannin asibiti. Cututtukan jini da wannan roba ke haddasawa suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A ɗakunan jinyarmu, wace ƙaramar nas ce za ta iya ce wa babban likita, a gaban ɗalibansa, “Ranka ya daɗe, ba ka goge hannu ba”? Robar fitsarin mahaifina ta yi kwana tara a jikinsa, alhali haɗarin kamuwa da ciwon mafitsara yana ƙaruwa da kowace rana da robar ta ƙara. Sistar ta gaya mini ta san ya kamata a cire ta tun da wuri, amma umarnin cirewa ba a hannunta yake ba, wanda yake hannunsa kuma ya manta.

Ba ina wanke kowa daga laifi ba ne. Na ga ma'aikata masu dogayen farata da zobba a wurin aiki, na ga masu amsa waya da safa a hannu, na ga waɗanda suka ɗauki safa a matsayin kariyar kansu kawai. Safar da aka taɓa mutum uku da ita ta fi hannu tsirara haɗari, domin mai ita yana jin shi a tsare yake. Waɗannan halaye ne da horo da sa ido ke gyarawa. Amma shugaban da bai kawo ruwa ba, ba shi da bakin tuhumar wanda bai yi wanki ba. Ga kuma ƙarancin ma'aikata da ke ƙara ta'azzara: a farkon 2024, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk wadda ta tafi, gadajenta na komawa kan wadda ta rage.

Yanzu sai hannu na biyu, wato namu. Littattafan aikin jinya da muke koyarwa da su an rubuta su ne don asibitocin da nas ke yi wa mara lafiya komai. A wurinmu, ɗan'uwa ne ke ba shi abinci, ya yi masa wanka, ya juya shi, ya zubar da fo, ya wanke zanin gado, ya kwana a tabarma ƙarƙashin gadon. Idan aka ƙidaya, hannunsa ya fi na kowane ma'aikaci yawan sauka a jikin mara lafiya. Duk da haka, a kwana 23 da na yi, babu wanda aka ɗora wa alhakin ya zaunar da mu masu jinya ya yi mana bayanin minti goma. Na ga mai jinya ya ɗora jakar fitsari a kan gado don kada ta taɓa ƙasa, bai san cewa idan ta haura mafitsara fitsarin kan koma ciki da ƙwayoyin cuta ba. Na ga wanda ya buɗe bandeji don ya nuna wa baƙi yadda ɗinki ya yi. Na ga buta ɗaya da kofi ɗaya suna zagaya gadaje biyar, saboda zumuncin da zaman asibiti kan haifar.

Sai kuma dubiya. Al'ada ce mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da ita, kuma na ga yadda fuskar mahaifina ke washewa idan abokansa suka shigo. Amma ranar Juma'a da yamma na ƙirga mutum goma sha huɗu a kewaye da gadonsa lokaci guda, wasu a zaune a kan gadon, kowa ya miƙa masa hannu, har da jariri a goye. Mai ɗinki a ciki ba ya buƙatar musabaha goma sha huɗu. Addu'a daga ƙafar gado ta isar, kuma wanda ya bari sai an dawo gida ya je, bai yanke zumunci ba.

Abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne magungunan da muke dogaro da su suna rasa ƙarfi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Maganin da ya ceci mahaifina sai da muka zagaya kantin magani huɗu kafin mu same shi. Wani matashi da ke gado na biyu daga namu, wanda haɗarin babur ya karya wa ƙafa, rauninsa ya ruɓe, danginsa ba su iya sayen irin wannan magani a kan lokaci ba. Allah Ya jiƙansa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Shugabannin asibitoci su ɗauki ruwa da sabulu da sinadarin goge hannu a matsayin magani, su shiga kasafin kuɗi kamar yadda man janareta ke shiga. Inda famfo ba ya kawo ruwa, a ajiye bokiti mai famfo, irin wanda wata masaniya 'yar ƙasar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, a kuma sa wa wani alhakin cika shi. A naɗa ƙwararren jami'in kariya daga yaɗuwar cuta wanda ba shi da wani aiki sai wannan, aƙalla ɗaya ga kowane gado 250 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a riƙa ƙidaya raunukan tiyatar da suka ruɓe a kowane wata ana liƙawa inda ma'aikata za su gani. A ba ma'aikatan jinya izini a rubuce na tunatar da kowa, komai girmansa, da na tambayar kowace safiya ko har yanzu ana buƙatar robar da ke jikin mara lafiya. Hukumar NCDC tana da shiri da ƙa'idoji a kan wannan fanni, abin da ya rage shi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su sa kuɗi su kai su har ɗakin jinya. Mu kuma malaman jami'o'i da kwalejojin aikin jinya, mu sanya koyar da mai zaman jinya, da harshen da yake ji, cikin abin da muke jarraba ɗalibai a kai.

Kai kuma mai karatu, ranar da zaman jinya ya faɗo kanka, ka sa sabulu da ƙaramar kwalbar sinadari a cikin kayanka tare da filas da tabarma. Ka wanke hannu kafin ka taɓa mara lafiyarka da bayan ka taɓa shi. Kada ka taɓa bandeji ko wurin allurar ƙarin ruwa, idan ka ga ya yi ja ko ya kumbura ka sanar da nas. Ka bar jakar fitsari a rataye ƙasa da ƙugunsa ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ka roƙi 'yan dubiya su shigo biyu-biyu. Idan kuma ka ga ma'aikaci zai taɓa shi bai goge hannu ba, ka miƙa masa kwalbarka cikin ladabi.

Da muka koma asibitin bayan wata guda don a duba ɗinkin, na tafi da bokiti mai famfo guda biyu da katan ɗin sabulu na kai wa waccan sista. Ta yi godiya, sannan ta tambaye ni wa zai riƙa cika su idan ba ta bakin aiki. Wannan tambaya ce na kawo wa shugabannin asibitocinmu da kwamishinonin lafiya, domin amsarta tana hannunsu.